HUKUNCIN MAI AZUMIN DA YA CI KO YA SHA DA MANTUWA KO KUSKURE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya wajabta wa bayinSa azumin watan Ramalan a shekara ta 2 bayan Hijira, Ya kuma yalwata musu rahamarSa a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala wadda kowace shekara sai ta tayar da gardama a kasuwanni da ofisoshi da majalisun hira, musamman a kwanaki uku ko huɗu na farkon azumi, lokacin da jiki bai riga ya saba ba, hannu kuma bai daina miƙewa wajen abin da ya saba ɗauka ba. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da ya kwana da niyyar azumi, ya yi sahur, ya kame bakinsa, sa'an nan da rana ya ci wani abu ko ya sha, ba da nufin keta alfarmar watan ba.

Ga misali. Ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa, ciniki ya kankama, hankalinsa duk yana wajen lissafi, sai ya sa hannu aljihu ya ɗauko ɓarin goron da ya rage tun jiya, ya jefa baki, ya tauna har ya haɗiye, kana ya zabura ya yi salati. Maƙwabcinsa na dama ya ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan liyafa ce Allah Ya yi maka, azuminka yana nan daram." Na hagu kuwa, wanda ya sauke Risala a zaure, ya ce, "A'a Alhaji, kame bakinka har rana ta faɗi, amma ka sani akwai ramuwar yini ɗaya a kanka bayan Salla." Can sai wani na uku ya tsoma baki, ya ce, "Ai tun da ya riga ya karye, wahalar me za ka yi? Aiki yaro ya sayo maka abinci, in ya so daga baya ka rama." Haka a ke yi a ofis ma, idan akawu ya shigo daga zafin rana ya kwankwaɗi ruwan sanyi, ko kuwa ya haɗiyi ƙwayar maganin da ya saba sha ƙarfe goma na safe.

To, jama'a, a cikin mutanen nan uku, na farko da na biyu kowannensu yana da babban limami a bayansa, kamar yadda za mu gani. Na ukun ne ya faɗi abin da babu mazhabar da ta yarda da shi, wanda kuwa ya bi shawararsa yana iya tashi daga ramuwar yini ɗaya ya faɗa cikin kaffarar ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere. Ke nan mas'alar ta cancanci a zauna a yi mata bayani daki-daki.

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda jama'a su kan haɗa su wuri ɗaya. Na farko mantuwa, watau mutum ya ci da nufin ci, amma ya sha'afa da cewa yana azumi. Na biyu kuskuren lokaci, watau yana sane da azuminsa, amma ya zaci alfijir bai keto ba alhali ya keto, ko ya zaci rana ta faɗi alhali tana nan. Na uku rinjaye, watau yana sane da azuminsa da kuma lokaci, amma wani abu ya wuce maƙogwaronsa ba da sonsa ba. Duk ukun babu zunubi a cikinsu muddin mutum bai yi sakaci ba, domin a aya ta 286 ta Suratul Baƙara Allah Ya koya wa muminai su roƙe Shi kada Ya kama su da laifin mantuwa ko kuskure, ya kuma tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Ya amsa wannan roƙo. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne ramuwa.

MANTUWA DA MAGANAR LIMAMAI

Asalin wannan babi hadisi ne na Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abin da ya ƙunsa shi ne Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umurci wanda ya yi mantuwa ya ci ko ya sha da ya ci gaba har ya kammala azuminsa, ya kuma ba da dalili da cewa wannan ci da shan daga Allah su ke.

Limamai uku, watau Abu Hanifa wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira, da Shafi'i wanda ya rasu a 204, da Ahmadu ɗan Hambali wanda ya rasu a 241, sun tsaya a kan zahirin hadisin. Suka ce azumin mai mantuwa ya inganta, na farilla ne ko na nafila, babu ramuwa a kansa balle kaffara. Hujjarsu ita ce an umurce shi ya kammala, ba a kuwa cewa a kammala abin da ya riga ya rushe. Sun ƙara da wata ruwaya wadda Daraƙuɗni da Hakim da wasunsu suka kawo, inda aka ambaci watan Ramalan da sunansa, aka kuma kore ramuwa da kaffara a fili. Malaman Hanafiyya ma sun bayyana cewa ƙiyasi ya so a wajabta ramuwa, amma suka bar shi saboda hadisin.

Shi kuwa Imamu Malik, limamin Madina, wanda ya rasu a shekara ta 179, wanda kuma mazhabarsa ce mafi yawan Musulmin ƙasar nan suka tashi a kanta, ya rarrabe tsakanin farilla da nafila. A cikin Muwaɗɗa ya hukunta cewa wanda ya ci ko ya sha da mantuwa a Ramalan, ko a wani azumi na wajibi, zai rama yini ɗaya a madadinsa. Wanda kuwa ya yi haka a azumin nafila, kamar na Litinin da Alhamis, ko Sitta Shawwal, ko Ashura, ko ranar Arfa, sai ya ci gaba da azuminsa, babu ramuwa a kansa. Wannan hukunci ne Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 386, ya tabbatar cikin Risala, shi ne kuma Shaihu Halilu ya tafi a kai cikin Muhtasar.

Kada wani ya zaci Imamu Malik da almajiransa sun juya wa hadisi baya ne. Malaman mazhabar sun yi bayani cewa kame baki shi ne rukunin azumi, rukuni kuwa idan ya faɗi ibada ba ta tsayuwa, ko da gangan ya faɗi ko da mantuwa. Suka buga misali da salla: wanda ya manta raka'a ɗaya ba shi da zunubi, amma dole ya kawo ta. Game da hadisin kuwa, wasunsu suka ce manufarsa ɗauke zunubi ne da umurnin ci gaba da kame baki, wasu suka ɗora shi a kan azumin nafila. Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 595, ya nuna cikin Bidayatul Mujtahid cewa tushen saɓanin shi ne karo tsakanin zahirin hadisi da ƙiyasin mai manta azumi a kan mai manta salla. Gaskiya kuma ta sa a faɗi cewa a cikin manyan Malikiyya akwai wanda ya karkata ga maganar limaman uku, watau Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, wanda ya rasu a 671, domin a wajen bayanin ayoyin azumi ya rinjayar da cewa babu ramuwa a kan mai mantuwa.

To, ina mafita ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci wanda ba shi da halin bin diddigin hujjoji? Wanda ya kame bakinsa ya kuma rama yini ɗaya bayan Salla, ya sauke nauyi a wajen limaman duka huɗu, domin babu wanda ya hana shi ramawa. Wanda kuma ya gamsu da zahirin hadisin, ya bi limamai uku bisa sani, ba bisa son sauƙi kawai ba, ba a ce masa ya bar azumi a kansa. Abin da duka ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne dole ya ci gaba da kame baki har faɗuwar rana.

INDA HAƊARIN YA KE

Da zarar mai azumi ya tuna, wajibi ne ya tsaya nan take. Lomar da ke bakinsa ya tofar da ita, ruwan da ya guntsa ya furzar. Idan ya tuna sa'an nan ya ce bari ya ƙarasa haɗiye abin da ya riga ya shiga baki, to ya fita daga hukuncin mai mantuwa, ya shiga na mai ganganci.

A mazhabar Malik, wanda ya ci ko ya sha ta baki da gangan da ranar Ramalan, bisa zaɓin kansa, yana kuma sane da haramcin abin, ramuwa da kaffara sun hau kansa. Kaffarar kuwa ɗayan abu uku ce: ciyar da miskinai 60, kowanne mudun Nabi ɗaya na abincin da mutanen garin suka fi ci, wannan kuwa shi ne mafifici a mazhabar; ko 'yanta wuya; ko azumin wata biyu a jere. Mudun Nabi shi ne cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, guda huɗunsa ne sa'in da a ke fitar da zakkar kono, saboda haka kada a rikita shi da mudun kasuwa. Hanafiyya ma suna wajabta kaffara a kan ci da sha na ganganci. Shafi'iyya da Hambaliyya ne suka taƙaita ta ga saduwa da iyali, ko da ya ke su ma sun tabbatar da girman zunubin da wajabcin ramuwa da tuba.

Saura mutumin da ya ci da mantuwa, sa'an nan ya zaci tun da azumin ya lalace an halatta masa ci, ya kuwa ci. Shaihu Halilu ya sa wannan cikin abin da a ke kira tawili makusanci, watau fassarar kuskure wadda ta ke da wani abin dogaro, don haka aka ɗauke masa kaffara, aka bar shi da ramuwa. Amma a lura, wannan rangwame na wanda ya zaci halas ne a zuciyarsa. Wanda ya san haramun ne ya kuma ci, kaffara ta kama shi. Kai kuwa mai karatu, daga yau ka sani, wannan uzuri ya fita hannunka.

Haka nan mai azumin nafila, idan ya ci da mantuwa sa'an nan ya ƙara da ganganci ba tare da uzuri ba, ramuwa ta wajaba a kansa a mazhabar Malik, domin nafila idan an shige ta kammala ta ya zama dole.

KUSKUREN LOKACI

Aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta yi wa azumi iyaka biyu, ketowar alfijir da shigowar dare, ta kuma kwatanta alfijir da farin zare mai bayyana daga baƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya ɗauki maganar a zahirinta, ya sa igiya fara da baƙa ƙarƙashin matashinsa yana dubawa, har Annabi ya bayyana masa cewa hasken safiya da duhun dare a ke nufi. Alfijir kuwa iri biyu ne. Akwai maƙaryaci, mai miƙewa sama kamar ginshiƙi sa'an nan duhu ya biyo bayansa, wannan ba ya hana ci. Akwai na gaskiya, mai shimfiɗuwa a gindin sama ta gabas yana ƙara yaɗuwa, shi ne iyaka. A Madina ladanai biyu ne: Bilalu yana kira da sauran dare, sai aka umurci mutane su ci gaba da sahur har Ibnu Ummi Maktum ya kira, shi kuwa makaho ne, ba ya kira sai an gaya masa gari ya waye. Saboda haka kowa ya san masallacin unguwarsu, ya rarrabe kiran farko da na biyu.

Wanda alfijir ya keto masa da loma a baki, ya tofar nan take, azuminsa ya inganta. Wanda kuwa ya ci yana zaton da sauran dare, daga baya ya tabbata alfijir ya riga ya keto, ko ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi sai ga ta ta bayyana, mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan ya kame bakinsa, ya kuma rama yini ɗaya, babu kaffara. Irin wannan ya faru tun zamanin Annabi. Asma'u 'yar Abubakar ta ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa wata ranar hadari sun yi buɗe baki sai rana ta fito. Ya kuma faru ga Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, inda ya nuna abin mai sauƙi ne tun da sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Imamu Malik kuwa ya fassara sauƙin da ramuwar yini ɗaya. Wasu malamai, cikinsu har da Ibnu Taimiyya wanda ya rasu a 728, sun ga babu ramuwa, domin a ganinsu ba a ruwaito an umurci sahabbai da ita a waccan rana ba. Amma maganar mafi yawan malamai ita ce ramawa.

Game da mai shakka, duk sun haɗu a kan cewa wanda bai tabbatar rana ta faɗi ba, ba ya halatta ya sha ruwa, domin asali yini yana nan har a tabbatar da fitarsa. Idan ya sha zai rama, sai fa in ta bayyana daga baya cewa ranar ta riga ta faɗi. Mai shakkar alfijir kuwa, Malikiyya sun ce ya kame, in ya ci cikin shakka ya rama, sai in ya tabbata da sauran dare ya ci. Sauran limamai sun sassauta masa, suka ce asali dare ne har a tabbatar da alfijir.

A nan akwai faɗakarwa ta musamman ga fatake da ma'aikatan da a ke turawa rangadi. Agogon Nijeriya ɗaya ne daga gabas har yamma, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Kowane digiri ɗaya na tazara tsakanin gabas da yamma yana kawo bambancin minti 4. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin digiri 8, watau wajen rabin sa'a ke nan. Bakanon da ya tafi Sakkwato da jadawalin Kano a aljihu, zai sha ruwa da sauran fiye da minti 10 kafin rana ta faɗi a can. Idan kuma Maiduguri ya nufa, ya yi sahur da lokacin Kano, alfijir ya riga shi da fiye da rubu'in sa'a. Watau mai tafiya yamma ya kula da buɗe baki, mai tafiya gabas ya kula da sahur. Haka kiran sallar da a ke ji a rediyo ko talabijin, na garin da tashar ta ke ne, na Makka kuwa yana riga namu da wajen sa'a biyu. Jadawalin cikin wayar hannu ma sai an tabbata an daidaita shi da garin da mutum ya ke. Wanda ke cikin jirgin sama yana ganin rana da idonsa, ba ya shan ruwa don mutanen ƙasa sun sha, sai ta faɗi a inda ya ke.

Sa'an nan watan azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2013 ya faɗo cikin Yuli da Agusta, tsakiyar damina, lokacin da hadari ya kan rufe rana. A 2025 ya kama a farkon Maris, daga nan kuma yana gangarawa cikin hunturu, lokacin da hazo ya kan haɗiye rana tun tana sama, mutum ya zaci ta faɗi. A irin waɗannan ranaku gaggauta buɗe baki sunna ce bayan an tabbatar, ba kafin nan ba.

Daga cikin kuskuren lokaci har da na ranar farko. Mutum ya kwana bai ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta ganin wata ba, ya wayi gari ya karya kumallo, sa'an nan labari ya iske shi. Wajibi ne ya kame bakinsa daga wannan lokaci, ya kuma rama yinin. A mazhabar Malik ko bai ci kome ba zai rama, domin bai kwana da niyya ba.

ABIN DA YA RINJAYI MUTUM

Mafi yawan abin da ke faruwa a wannan babi wajen alwala ne. Annabi ya hori sahabi Laƙiɗu ɗan Sabira da ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa, amma ya togace lokacin da ya ke azumi, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Idan ruwan kurkurar baki ko na shaƙawa ya zarce maƙogwaro, Malikiyya sun ce a rama in azumin farilla ne, Hanafiyya ma suna ganin ramuwa. Shafi'iyya suka ce sai in mutum ya wuce kima, Hambaliyya kuwa suka ce babu kome tun da bai nufa ba. Hanyar kuɓuta ita ce a taƙaita, a kuma tofar da ruwan sosai, abin da ya rage na laima a baki kuwa an yafe shi, kamar yadda aka yafe miyau.

Shari'a ta dubi masu sana'a da idon rahama. Muhtasar ya lissafa abubuwan da babu ramuwa a cikinsu idan suka rinjayi mutum: ƙudan da ya faɗa maƙogwaro, da ƙurar hanya, da ƙurar gari ga mai niƙa, da ƙurar awo ga ma'auni, da ƙurar farar ƙasa ga mai aikinta. Saboda haka ma'aunin hatsi a kasuwar Dawanau, da mai injin niƙa, da direban da ke bin hanyar burji, ba a ce su bar neman abincinsu ba, ba a kuma ɗora musu ramuwa ba. Hayaƙin itace ma haka ya ke. Amma wanda ya kai hancinsa ga turaren wuta ko tururin tukunya ya shaƙa har ya kai maƙogwaro, zai rama. Taba kuwa, wanda ya zuƙe ta da gangan ya karya azuminsa.

Wanda amai ya rinjaye shi, babu ramuwa a kansa muddin bai mayar da kome ba bayan ya iso baki. Wanda ya jawo aman da kansa zai rama. Ɗan abin da ya maƙale tsakanin haƙora ya bi miyau ba da nufi ba, an yafe shi, amma kyakkyawan sakace bayan sahur ya fi. Aswaki halas ne yini duka a mazhabar Malik idan busasshe ne, ɗanye kuwa an karhanta shi, domin in ruwansa ya wuce akwai ramuwa, man goge baki ma gara a bar shi sai dare. Ɗanɗana miya ko zuma ko gishiri makaruhi ne, wanda kuma ya yi sai ya tofar, in wani abu ya zarce ya rama. Wannan ya kamata magidanta su isar da shi ga iyalansu, domin mata ne suka fi fama da shi a madafa.

IDAN KA GA WANI YANA CI

Wasu su kan ce idan ka ga mai azumi ya manta yana ci, ka ƙyale shi, kada ka yanke masa arzikin da Allah Ya ba shi. Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne a tunatar da shi, domin shi ne ke da uzurin mantuwa, kai mai kallo ba ka da shi, taimakon juna kan aikin ɗa'a kuwa wajibi ne. Malaman Hanafiyya sun togace tsoho ko mai rauni wanda azumi ya galabaitar, suka ce ana iya barinsa. Tunatarwar kuma a yi ta da ladabi. Ka matsa kusa ka ce, "Ranka ya daɗe, yau fa muna azumi," ba tare da ka tara masa jama'a ba.

Wanda ramuwa ta hau kansa yana da wa'adi har zuwa wani Ramalan, ko da ya ke gaggautawa ta fi, domin ba wanda ya san gawar fari. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta kan kai watan Sha'aban kafin ta sami damar ramawa. Amma wanda ya yi sakaci har wani azumin ya riske shi ba tare da uzuri ba, Malik da Shafi'i da Ahmadu sun ɗora masa ciyar da miskini ɗaya a kan kowane yini, bayan ramuwar. Ɗan kasuwa ya san amfanin littafin bashi, ma'aikaci ya san amfanin rajista. To, ranar da abin ya faru a rubuta ta, kada mantuwa ta biyu ta bi ta farko.

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwa, wannan mas'ala ta saɓani ce tsakanin limaman da al'umma ta yarda da iliminsu da tsoron Allahnsu. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi horo cikin littafinsa Hidayatuɗ Ɗullabi da kada a yi inkari ga wanda ya bi maganar ɗaya daga cikin limaman nan a abin da suka saɓa. Saboda haka mai Risala kada ya ce wa ɗan'uwansa ya yi wasa da farilla, mai riƙo da zahirin hadisi kuma kada ya ce wa ɗan'uwansa ya ƙi sunna. Su haɗu su hana na ukun nan, mai cewa a aika a sayo abinci. Wanda kuma abin ya rikice masa, ya tafi wajen malamin da ya amince da shi, ya faɗi yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, ya bayyana ko mantuwa ce, ko kuskuren lokaci, ko rinjaye, da kuma abin da ya aikata bayan ya farga, domin a kan wannan ne fatawa za ta tsaya.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya yafe mana abin da muka manta da wanda muka kuskure, Ya sa muna cikin bayin da Ya ke 'yantawa a wannan wata mai alfarma, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.